Ni Kaɗai Na Fito, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hadiza,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwarta, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto miki wannan takarda duk da na san ba za ki gani ba. Ko da kina raye ma ni ce mai karanta miki saƙo. To yau zan karanta da ƙarfi, duk mai leƙen shafina ya ji, don maganar ta tokare mini ƙirji. Ki gafarce ni tun yanzu, Inna, da fushi na zo.

Tun ranar da masunta suka tsamo ni daga ruwa aka raɗa mini sabon suna. Mutanen birni suka zo asibiti da kyamarori, suna nuna ni suna cewa ga sole survivor. Kin san aikina koyar da Turanci a firamare, ba sai an fassara mini ba. Sole na nufin guda ɗaya tak, wanda ba shi da na biyu. Ana faɗinsa ga mai shagon da ba shi da abokin tarayya, ko magajin da ba shi da abokin rabo. Na sha rubuta wa yara shi a allo, har ina ba su misali da kaina, tun da ni ce ɗiyarki tilo. Ina faɗa ina dariya a lokacin. Ashe ban san komai a kan kalmar ba.

Da murmushi suke faɗinta, Inna, kamar wata sarauta aka naɗa mini. Wani ɗan jarida har cewa ya yi in ɗan ɗago fuska don hoto ya yi kyau. Da na dawo gida mata suka riƙa zuwa suna shafa kafaɗata, wai su ɗebi sa'a. Wata ta kawo mini jaririnta in tofa masa. Haba jama'a! Wace sa'a? Jirgi guda na mutane ya tafi ƙasa, har da uwata, ana ce mini mai sa'a. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa wadda ta fito ita kaɗai, ita kaɗai ce kuma ta rage da abin da idonta ya gani.

Bari in tuna miki abin da na gani, ko da yake ke ma kina wurin.

Ranar kasuwar Wara ce, mun gama sayayya za mu ƙetara gida. Jirgin yayanki muka shiga, Kawu Manu, wanda Malam Garba yake tuƙa masa tun ina yarinya. Kin san ɗabi'ar Malam Garba. Ba ya tayar da inji sai ya sunkuya ya ɗora hannu a gefen jirgi, ya auna daga bakin katako zuwa ruwa. In bai kai taki ba, ko wane ne kai ba zai tashi ba. Ran nan ya auna, ya ɗago ya ce, “Alhaji, jirgi ya cika.”

Kawu yana tsaye a bakin ruwa, ga buhunan shinkafarsa da sabon babur da ya saya. Na ji amsarsa da kunnena: “Ni da jirgina? A ɗora.” Aka ɗora buhunan, aka ɗora babur a kansu. Malam Garba ya sake sa hannu, ruwa ya taɓa masa yatsu. Ya yi magana ta biyu, Kawu ya ce in ya gaji da aikin ya sauka, akwai masu so. Mutum mai iyali, me zai yi? Ya ja igiyar inji. Shi kuwa Kawu bai shiga ba, ya ce sai sawu na biyu.

Na miƙe na ce miki mu sauka. Kika mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau ina jin wurin. Kika ce, “Zauna. Ba ni kunyata yayana gaban kasuwa.”

Sai kika miƙa hannu kika sauko da rigar ceton nan da ke rataye a goshin jirgi. Guda ɗaya ce tal, kuma kowa ya san ba don sawa aka rataye ta ba, don ma'aikatan hukuma su hango daga nesa ne. Rana ta cinye launinta, igiyoyinta sun tsinke. Kika zura mini ita, kika kwance ɗankwalinki kika ɗaure mini ita tamau a ƙirji. Jirgi ya ɗauki dariya. Wani ya ce malamar boko tana tsoron ruwa, wata tsohuwa ta ce in cire, ina kira musu mutuwa. Ba ki kalli kowa ba, kika ce, “Ita ɗai gare ni.”

Nan ne fushina yake, Inna. Kin sani! Wallahi kin sani. Ke da aka haifa a gungu, tsakiyar ruwa, kika koyi iyo kafin ki koyi daka, kin ga inda ruwa ya kai. Wanda bai hango haɗari ba ba ya buɗe kansa a bainar jama'a don ya ɗaure wa ɗiyarsa riga. Da kin miƙe kin ce ba ki tafiya, da mata sun bi ki, don ana jin maganarki. Da Malam Garba ya samu wanda ya tsaya masa. Akwai masu goyo a jirgin nan, Inna. Akwai amaryar da ta je sayen kwanuka. Kika auna kunyar yayanki da rayukansu da naki, kika zaɓi kara. Wace irin kara ce wannan? Wa ya koya muku ita?

Rana tsaka ce, ko iska babu. Muna tsakiyar ruwa muka taɓa kututture, irin na itatuwan da tafki ya haɗiye tun zamanin da aka datse kogi aka tashe ku daga tsohon gari. Sau nawa muka goga su muka wuce? Amma jirginmu ba shi da sauran baki, ya ɗan karkata kawai ruwa ya shigo. Ganina na ƙarshe da ke, kin ɗaga ɗan wata sama da hannu biyu. Ba zan rubuta sauran ba.

To yanzu ji abin da aka yi bayanki. Kafin in fito asibiti labari ya riga ya zauna a gari, wai Malam Garba gudu yake yi, wai ya sha ƙwaya. Mutumin da ko goro bai dame shi ba! Kawu yana zaune a tabarmar karɓar gaisuwarki, yana girgiza kai yana cewa ya sha yi masa faɗa. Leburorin da suka ɗora kayan da hannunsu a gidan Kawu suke ci, duk sun zama kurame. Mamaci kuwa ba ya tashi ya kare kansa, sai aka jibga masa komai.

Kin san Mairo, matar Malam Garba, wadda kike sayen kifin banda a wurinta. Ko mutum ɗaya bai taka ƙofarta ya yi mata gaisuwa ba, alhali ita ma miji ta rasa. Kifinta ya daina fita. Ana nuna 'ya'yanta a hanya ana cewa ga 'ya'yan wanda ya kashe mutane. Har aka fara cewa in ta gama takaba ta tattara ta bar garin. Ina za ta da yara, ita da a nan aka haife ta?

Da Sarkin Ruwa ya ce zai tara mutane a ji yadda abin ya faru kafin jirage su koma aiki, sai ga matar Kawu ta shigo ɗakina da kwanon fura. Ta zauna ta yi kukanki, ta share hawaye, sannan ta ce, “Hajara, ki tuna ba ki da kowa sai mu.” Abin haushin shi ne gaskiya ta faɗa. Tun da Baba ya rasu a gidan Kawu muka zauna. Shi ya sa ni makaranta, shi yake yi mini ɗinkin salla, shi ne zai tsaya mini ranar aurena. Ba ni da wa, ba ni da ƙane. In na buɗe baki, gidan nan ya rufe mini, kuma ba ni da wani. Furar nan ko taɓa ta ban yi ba.

Na je, Inna. A ƙofar gidan Sarkin Ruwa aka zauna, maza a gaba, mu mata a baya. Da aka ce ko ina da abin cewa, na ga Kawu ya kafe ni da ido, irin kallon da ke ma kike sunkuyar da kai in ya yi miki. Na miƙe. Na faɗi awon da Malam Garba ya yi da hannunsa. Na faɗi buhunan, na faɗi babur, na maimaita maganar Kawu yadda ta fito daga bakinsa. Ya daka mini tsawa, ya ce ruwa ya taɓa mini kai. Sai Sarkin Ruwa ya tambaye ni, in da gaske jirgin ya cika haka, me ya hana uwata sauka, ita da ta san ruwa?

Sai da na faɗi naki ma, Inna. Na gaya musu kin gani, na gaya musu abin da kika ce da na miƙe. Duk wanda ya san ki ya san maganarki ce, ba ƙirƙira na yi ba. Wata daga cikin matan ta rushe da kuka, ɗaya daga cikin leburorin ya tashi ya ce shi ya ɗora baburin. Sarkin Ruwa ya ce daga yau kada ya sake jin an ambaci Malam Garba da sharri, kuma Mairo tana nan a ɗakinta, ba inda za ta.

Kafin la'asar na tarar da akwatina da naki a ƙofar gida. 'Ya'yan Kawu da na goya a bayana suna leƙe ta katanga. Yanzu ina wani ɗaki a bayan makaranta, shugabarmu ce ta ba ni aro. Jiya na haɗu da Kawu a hanyar masallaci, na durƙusa na gaishe shi, ya wuce kamar bai ga mutum ba.

Inna, abin da kika gwammace ki mutu da ki yi, ni na yi shi. Na kunyata yayanki a gaban gari, na haɗa da ke a ciki. Ban yi nadama ba, kuma in aka sake tara mutane gobe zan sake faɗa. Amma na buɗe akwatinki na tarar zannuwanki suna nan da ƙamshin turarenki, sai duk fushin ya zube, na zauna a ƙasa ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Ina jin haushinki, kuma ina kewarki, ban san wanne ya fi yawa ba. Da zan samu ki zo ki yi mini faɗa a kan abin da na yi, ko zagina ne ki yi, wallahi da na ji daɗi.

Ya Allah ka jiƙan Inna, ka yafe mata shirunta, ka duba yaron da ta ɗaga sama ka ɗaga darajarta. Ka jiƙan Malam Garba da duk wanda ke cikin jirgin nan, ka raya abin da suka bari. Kawu kuwa, Inna, na ɗaga hannu zan sa shi a addu'a bakina ya ƙi. Ki yi mini haƙuri, ban kai nan ba tukuna.

Wassalam.

Ɗiyarki,
Hajara