Sunan da Aka Tsinto a Juji

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa jikarki Hajara, takwarar autarki, ta sauka lafiya ranar Asabar. An samu namiji. Jibi ne suna.

Na san ba a aika wa na kabari takarda, kuma ko da kina raye ba boko kika yi ba. Amma tun da yara suka koya mini rubutu a waya ake ta tambayata wane irin suna ne Ajuji, daga ina ya fito, me ya sa ba a jin sa. Na gaji da cewa sunan mutanen da ne kawai. Yau zan ba da amsar, kuma ke zan ba wa, su kuma su leƙa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin haifi huɗu kafin ni, ba wanda ya kai yaye. Mata suka fara ce miki mai wabi, suna janye 'ya'yansu in kin shigo gidan biki. Da na zo, tsofaffi suka yanke shawara a yi wa mutuwa dabara. Ranar suna liman ya raɗa mini Haruna a zaure, a cikin gida kuwa aka ɗauke ni aka kai bayan danga, aka ajiye a kan juji, inda ake tara toka da shara da kashin awaki kafin a kwashe zuwa gona. Wai idan mutuwa ta zo ta tarar an yar da yaro, sai ta ce ai wannan ba mai son sa, ta wuce. Iya Tsahara ungozoma ta zo kamar mai wucewa, ta ɗauke ni, ta ce ta yi tsintuwa. Ma'anar ke nan, asalin ke nan: wanda aka yar a juji.

A duk rayuwata mutum biyu na sani masu sunan. Ɗaya mai facin keke ne a kasuwar Rimin Gado, mun kalli juna mun yi dariya ba tare da an yi bayani ba. Ɗayan a layin asibiti na ji an kira shi, mu biyu muka miƙe. Ranar da na je yin katin zama ɗan ƙasa, yarinyar da ke rubutu ta sa na maimaita sau uku tana rufe baki da mayafi. Yanzu ana sa wa yara sunayen da kakanninsu ba sa iya furtawa, malamai kuma sun ce abin da aka yi mini camfi ne, ajali ba ya ruɗuwa da toka. Gaskiyarsu. Sai dai ba su zo da wuri ba.

Ba sunan ne ya ci mini rai ba, Inna. Sauran matan da suka yi wannan dabara, da zarar yaro ya yi yaye ya fara gudu, sai su saki jiki su rungumi abinsu. Ke ba ki taɓa saki ba.

Na tuna ranar da ƙaya ta shige mini ƙafa a gonar gyaɗa, na zo ina ɗingishi ina kuka. Kina bakin murhu. Ko juyowa ba ki yi ba, kika ce wa Gwaggo, ƙanwar Baba, ta duba abin da ke damun na jujin can. Tuwona a bakin ƙofa kike turo shi da bayan hannu. In na yi zazzaɓi, ɗakin Gwaggo ake kwantar da ni. Ba ɗan fari ba ne ni balle a ce kunya ce.

Da aka haifi Hajara, ƙanwata, sai na ga ashe kin iya. Kin iya goyo, kin iya kitso kina yi mata kirari, kin iya dariya har haƙoranki su bayyana. Ganin na rayu ne ya sa kika ɗauka wabin ya ƙare, kika so ta a fili. Ni kuma ina gefe ina kallo kamar ɗan maƙwabta.

Sai shekarar farin nan ta zo, ina da tara. An yi ruwa muka yi shuka, ta fito ta ƙone. Aka sake, gero ya kai gwiwa ya tsaya yana jiran hadarin da bai zo ba. A ƙauyenmu na bayan Tofa, inda gona ke manne da gona, ba gidan da zai ara wa wani, don kowa rumbunsa ya ga ƙasa. Muka koma tafasa da dusa. Na ga matan da ba sa fita ko ƙofar gida suna tonon gidan tururuwa don tsabar da suka tara. Baba ya tafi ci-rani tun kaka ba ta yi ba.

A lokacin ne Iya Tsahara ta shirya komawa wurin ɗanta a Rijiyar Zaki. Da hantsi kika kira ta, kika nuna ni da haɓa, kika ce: “Ga kayanki nan, ke kika tsince shi, ki tafi da abinki.” Kika miƙa mata wani ƙulli a tsohon zanenki, kika shige ɗaki da Hajara a bayanki. Na tsaya a zaure ina jiran ki fito. Iya ta ja hannuna. Har muka wuce kukar bakin gari ina waiwaye.

Kafin damina ta dawo, ƙyanda ta shigo gari ta tarar da yara ba jiki. Ta ɗauki Hajara. Na san abin da kika karanta a cikin wannan: wadda kika so a fili ta tafi, wanda kika yar yana nan. Daga ranar kika ƙara kulle fuska. Na girma a hannun Iya, na koyi ɗinki, na yi aure, duk sallah ina zuwa da atamfa da goro. Sai ki ce a ajiye a can. Ki tambayi matata lafiyar kaji, ba ki tambayi tawa ba.

Ranar da aka aiko cewa jikinki ya yi tsanani, na bar keken ɗinki da rigar mutane a kai na taho. Na shigo ɗakin da la'asar, na durƙusa, na ce Inna ga ni. Na ga idonki ya sauka a kaina, na rantse na gani. Sannan kika juya fuska bango kika ce: “Wa ya kirawo na juji? Ku ce ya koma, nan ba wurinsa ba ne.” Maganarki ta ƙarshe gare ni ke nan. Na fita na zauna a gindin darbejiya, ina da shekara talatin da 'ya'ya biyu, ina kuka kamar ranar ƙayar nan.

Sai bayan sadakar bakwai Iya Tsahara ta zaunar da ni. Ta ce kin sa ta rantse ba za ta faɗa ba muddin kina numfashi. Ta ce safiyar sunana, kina ɗanyen jego, kin saci jiki kin je jujin kin tsince ƙaya da fasassun tukwane ɗaya bayan ɗaya, kin shimfiɗa toka mai sanyi a inda za a kwantar da ni. Ta ce ƙullin nan da kika ba ta irin gero ne, na tulun da Baba ya liƙe da laka don shukar baɗi. Kin fasa, kin juye duka. Da Baba ya dawo ya tarar da tulu wayam, kika ce ke kika cinye, kika sha zagi a gaban dangi, aka yi ta yi da ke a gari cewa kin ci iri. Kuma ranar da kika kore ni daga ɗakin, wai tsoro kike kada mai zuwa ɗaukarki ta gan ni a kusa da ke ta gane.

To, Inna, kin yi nasara. Mutuwa ba ta gan ni ba, ga ni da furfura. Amma wata biyu ina shan kunun irin nan a Rijiyar Zaki, Hajara tana can tana cin tafasa, ba wanda ya tambaye ni ko na yarda. Ban san yadda ake godiya a kan wannan ba, ban kuma san yadda ake yafewa ba. Na yi shekara talatin ina zaton ba kya so na, na yi wata shekara talatin ina sane da cewa kina so, kuma wallahi ta biyun ta fi ɗaci. Da ƙiyayya ce da na haƙura tuntuni. Abin da ke tafasa mini zuciya shi ne son yana nan, cike da tulu, kika hana ni ko lasa.

Ga dalilin wannan takarda. Hajarata ta binne biyu kafin wannan, ɗaya a wata huɗu, ɗaya ko suna ba a yi ba. Ba ta san tarihin juji ba, ta yi makaranta, a asibiti ta haihu. Amma jiya da na je barka na zauna ina lura da ita. Tana ba yaron nono tana kallon taga. Da ya ƙoshi sai ta miƙa wa uwarta, ta juya baya. Ba ta ce ya yi kama da kowa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na gane wannan juyin bayan, Inna, a cikinsa na girma.

Mijinta ya ce sunana za a sa wa yaron. Tun da ba za ta iya kiran sunan ubanta ba, dole a nemi laƙabi. Gwaggo, wadda tsufa ya cinye amma bakin yana nan, ta jawo ni gefe ta ce ai laƙabin yana gida, a yi abin da aka yi mini ko a ɓoye ne, ba ga shi ya yi amfani ba.

Na karɓi yaron na kai wa Hajara, na ɗora mata a cinya, na riƙe hannunta a kan ƙirjinsa. Na ba ta labarinki duka, har da tulun. Na ce mata ta dube shi. Ta ce tana tsoro, Baba. Na ce na sani, ta dube shi da tsoron. In Allah ya bar mana shi, ya tashi ya san yana da uwa. In kuma ya karɓi abinsa, yaron ya tafi ya san fuskarta. Ta daɗe kafin ta sunkuyar da kai. Da ta sunkuyar, sai da uwarta ta zo ta goge wa yaron fuska, don hawayen Hajara sun jiƙa shi.

Masu tambaya me ya sa sunan ya yi ƙaranci, ga amsa: yana ƙarewa, kuma a gidanmu da ni zai ƙare. Ba zan ba wa kowa gadonsa ba.

Allah ya jiƙanki, Inna. Ya yafe miki tsoronki, ya yafe mini fushina. Ya haɗa ki da biyar ɗin da suka riga ki, ya raya mana wannan. Ya sada mu a gidan da mutuwa ba ta shiga, inda ba sauran wanda za ki ɓoye ni dominsa. In mun haɗu a can, kada ki aiko Gwaggo. Ki juyo da kanki, ki kira ni da sunan da liman ya raɗa, ko sau ɗaya ne, in ji yadda yake a bakinki.

Wassalam.

Ɗanki,
Haruna