Sunan da Ya Rage a Littafin Kumandan

Madani, ƙasar Sudan, 9 ga Muharram

Daga Mutari ɗan Bunu, wanda kuka sani da Gajere, zuwa ga ƙanwata Hinda a Yekuwa. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarki da ta 'ya'yanki da ban taɓa gani ba. Malam Ari ne ke rubuta mini, na kuma hana shi gyara magana.

Bayan haka, matata Ramatou ta rasu da damina, ba mu kuwa samu haihuwa ba. Ɗakin ya yi mini girma. Idona na hagu ya mutu, na dama yana bin sawunsa, ko audugar da nake tsinka sai na laluba. Shekara talatin da biyu ke nan da na gudu daga aikin dole na ce Makka za ni. Ban ga Makka ba, ban ga gida ba. Yanzu gida nake so, tun ina iya gane fuska.

To, zamani ya juya. Da ƙafa na shigo ƙasar nan babu wanda ya ce mini kanzil, yau kuwa ba ka hawa motar yamma sai da takardar wucewa. Na je biron Faransi, wato ofishinsu, a Hartum, kwana huɗu ina zaune a gindin katanga. Da na shiga, akawu ya ce wa ya san ni talakan Faransi ne? Na ce dubi tsagar fuskata. Ya ce tsaga ba hatimi ba ce, in kawo shaida daga Magariya cewa sunana yana littafin ƙidaya.

Ki roƙi Maigari ya raka ki. Amma kada Illa ya sa hannu. Wani alhaji ya gaya mini tun tuni shi ke noma gonata ta gindin gawo. Ƙanen da ya ci gonar wansa da ransa, ba na neman alfarma wurinsa. Wassalam.

Yekuwa, 2 ga watan Gani

Zuwa ga Yaya Gajere. Gaisuwa da ban girma, Allah ya jiƙan Ramatou, ya ba ka haƙuri. Da aka karanta mini takardarka na yi kuka har maƙwabta suka shigo.

Mun je Magariya ni da Maigari, da ƙafa. Tafintan kumandan ya buɗe littafi ya bi da yatsa, ya ce Mutari ɗan Bunu ai yana Yekuwa, an ma ba shi takardarsa, ba a yi wa mutum ɗaya biyu. Maigari ya sunkuyar da kai. Yaya, a wurin Nasara Illa ne Mutari. A gida muna ce masa Illa, amma duk ranar ƙidaya sunanka yake amsawa. Sunan da ba kowa a kansa a littafin shi ne Illa ɗan Bunu, an rubuta ya tafi ba a san inda yake ba. Maigari ya ce da wannan za a iya yi maka shaida.

Akwai magana a bayan wannan, ba a bakina ya kamata ka ji ta ba. Ka rubuta wa ɗan'uwanka. Ƙanwarka Hinda.

Madani, 20 ga Rajab

Hinda, ina gaishe ki, gaisuwar ba ta wuce ke ba.

Ashe gona ba ta ishe shi ba sai ya haɗa da suna. Rago aka yanka mini da sunan nan, Baba ya sayar da jakinsa ya saye shi. Yanzu a ce in tsaya gaban Nasara da furfurata in amsa sunan yaron da na goya? Gara a binne ni nan cikin Takari.

Na koma Hartum na faɗa wa akawun an sace mini suna. Ya yi dariya ya ce in kawo ɓarawon. Ga shi tun da Ingilishi suka tafi, 'yan sandan nan suna tsare baƙi a kasuwa suna tambayar takarda. Sau biyu suna zaunar da ni a rana. Sai su ce ɗan ina ne, in ce Yekuwa, su dubi juna. Babu wanda ya taɓa jin sunan garin. Da Ramatou na nan, ko da ita ma yi hirar rijiyar bakin kasuwa. Yanzu sai in faɗi sunayen gidajen unguwarmu ni kaɗai, daga gabas zuwa yamma, kada su zube mini.

Malam Ari ya ce in sassauta. Na ce masa alƙalami aka ba shi, ba alƙalanci ba. Ba zan rubuta wa Illa ba. Wassalam.

Yekuwa, 15 ga watan Sallar Layya

Daga Illa zuwa ga Yayana. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wa, ko ka amsa ko ba ka amsa ba.

Ranar da ka gudu, gardawan kumandan, 'yan sandan nan nasa, suka zo da takarda suna neman Mutari. Da ba su gan ka ba suka ɗaure Baba a turken rijiya, suka ce ba kwancewa sai ka fito. Tun hantsi har la'asar. Na fito na ce ni ne. Shekarata goma sha biyar, ba su yarda ba, suka kira Inna. Ka san Inna ba ta taɓa kama sunanka ba, kunyar ɗan fari. Ko ciwo kake sai dai ta ce “wancan”. Ta dafa kaina ta ce, “Mutari ne.” Sau ɗayan da na ji sunan a bakinta ke nan, har ta rasu.

Wata bakwai na yi ina ɗaukar dutse a hanyar Damagaram. A can dutse ya faɗa mini a ƙafa, da sanda nake tafiya har yau. Da na dawo an riga an rubuta ni, uban Maigari ne ya shaida. In na je na warware yanzu, gidansu zan jawo wa ɗauri. Gona kuwa, in an bar ta saura sarki zai ba wani.

Ga shaidar nan cikin takardar, da hatimin kumandan. Tsagarmu iri ɗaya ce, ba mai ganewa. Sunana ne, ban more shi ba, yana nan sabo. Na ara naka ba da izininka ba, ka ari nawa ka zo gida. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Hartum, 6 ga watan Gani

Illa, na amsa gaisuwarka.

Sau uku na sa Malam Ari ya karanta mini wurin maganar Inna. Me ya hana ku faɗa mini tuntuni? Wannan ma laifi ne, za mu yi maganarsa.

An ɗauke ni hoto, an manna a takardar wucewa. Jiya akawu ya leƙo ya kira Illa ɗan Bunu. Na waiga ina neman ka. Sai a kira na uku na miƙe.

Motar Fallomi ta ƙasar Cadi za ta tashi ran Asabar. Kada ka tarye ni a Magariya da wannan ƙafar, na san hanya. Kada kuma a taɓa gawon nan.

Yayanka Gajere. In kumandan ya tambaye ka, ka ce Illa ne ke tafe.