Gurbin Tokata a Ƙasan Tulun Mahaifiyata

Daga: Kuo Pi-lien,
Rumfar Faten Kifi, Bakin Kasuwa, Anping, Tainan.
9 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Sulhu,
Gundumar Anping.

Ranka ya daɗe,

Game da: Gurbin ajiye toka da Yen Chin-fa ke neman ƙwace mini

Bayan gaisuwar ban girma, ni mai suna a sama, 'yar shekara sittin da uku, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ni da Yen, tsohon direban bas, mun daɗe muna zaune ɗaki ɗaya ba rajistar aure, domin a cewarsa takarda ba ta ƙara wa miya gishiri.

2. A watan Mayun 2019 muka haɗa hannu muka sayi gurbi mai cin tulu biyu a hasumiyar ajiye tokar gawarwakin da aka ƙone da ke bayan gari. Ni na zaɓi wurin, saboda tulun tokar mahaifiyata na samansa daidai. A ƙofar gurbin an zana sunayenmu duka, amma a takardar mallaka nasa ne kaɗai, don ranar na manta tabarau, shi kuwa bai taɓa manta abin da zai amfane shi ba.

3. Mun rabu a Disambar bara. Ya kwashe talabijin, tukunyar shinkafa, har silifas ɗin banɗaki. Na bar masa su.

4. Ranar Sharar Kaburbura, 4 ga Afrilu, na kai wa mahaifiyata lemo, sai na tarar an kankare sunana an sa na wata Su Mei-chu, mai koya wa tsofaffi rawa a filin shaƙatawa. Da na buga masa waya cewa ya yi, "Haba tsohuwa, ke da ko mura ba kya yi, saurin me kike?"

5. Ranka ya daɗe, ba ni da ɗa, ba ni da jika. Wurin nan kaɗai na san zan kwanta kusa da nawa.

Don haka ina roƙon kwamiti ya kira shi, a mallaka mini gurbin, na mayar masa da rabonsa ya nemi wani can inda ake kiɗa. In kuwa an yanke cewa nasu ne, ina roƙon a sanar da su a rubuce cewa tsohuwar da za su kwana a ƙarƙashinta ba ta yafiya tun tana raye, yanzu kuma ba ta da wani aikin.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Kuo Pi-lien