Na Yarda a Yanke Ƙafar

Damagaram, daren Laraba, 1957

Sau uku maɗorin Mirriya yana ɗaure mini gwiwar nan da karare, kumburi sai ƙaruwa yake. Yau likita ya nuna mini hoton ƙashin. Ba targaɗe ba ne, ba kuma sammu ba. Ciwon daji ne ke cin ƙashi da guringuntsi, in ba a yanke ƙafar ba zai kai huhu.

Kawu Mamman ya fusata. "Da wace ƙafa za ka tashi ranar alƙiyama?"

Na ce, "Kawu, wanda ya halicce ta ya san inda za a binne ta."

Tsoro kam ina ji, amma na sa hannu. 'Yan ajin da nake koyarwa na da jarrabawa bana, kuma ko bisa sanda, ni zan kai su.