Ku Cire Sunana Daga Ƙofar Masana'antarku

Zuwa ga Alhaji, mai masana'antar roba da ke Sharada, wadda na yi wa aiki shekara goma sha ɗaya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina yi muku barka da damina, da fatan ruwan bana ya same ku lafiya, ku da iyali. Sunana Lawan Inuwa, mutumin ƙasar Ringim, mazaunin Na'ibawa. Ba lallai ku gane fuskata ba, amma kun san sunan, domin da sa hannunku aka liƙa shi a ƙofar masana'anta, aka rubuta a ƙasansa cewa an kore ni saboda sakaci. Sau uku ina zuwa ofishinku ana ce mini kuna ganawa da baƙi. Shi ya sa na kawo maganar cikin jarida, inda babu maigadi.

Na farko, rufin. Ni ne mai gyare-gyaren masana'anta, daga famfo har ƙofa. Tun da bazara na hau rufin babban sito, wanda ke jikin katangar bakin titi, na tarar gara ta gama da katakon. Ƙusoshin zaune kawai suke a ramukansu, da yatsu biyu nake zare su. Na sauko da guda ɗaya na ajiye wa Manaja a kan teburinsa, na ce masa ana buƙatar sabon katako kafin hadarin farko. Ya ce sito cike yake da bokitai da butoci, ba za a kwashe kaya saboda ƙusa ɗaya ba, a bari sai bayan damina. Sannan ya nuna mini tulin tsofaffin tayoyi a bayan ɗakin janareta, ya ce in danne kwanon da su, ai haka ake yi a ƙauyenmu.

Gaskiya ya faɗa, haka muke yi a ƙauyenmu, a kan ɗaki ɗaya mai 'yan kwanuka, wanda bishiya ta kare wa iska. Ban taɓa ganin an danne rufin da tirela uku ke shiga ƙarƙashinsa da taya ba, kuma na gaya masa. Ya tambaye ni ko ni ne manaja. Na ɗora tayoyin, Alhaji, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu na yi ina jan su sama da igiya, domin ina da bakin da nake ciyarwa a gida.

Na biyu, ranar da abin ya faru. Talata ce, bayan la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi ja, sannan ya yi baƙi. Ko ɗigon ruwa bai sauka ba iska ta shiga ƙarƙashin kwanon, ta yaye rabin rufin. Tayoyin suka yi ta gangarowa tsakar fili, kwanon kuwa ya tsallake katanga. A bayan katangar nan Malam Idi mai shayi yake da tebur, mutumin Damagaram, wanda babu ma'aikacinku da bai karya kumallo a wurinsa ba. Yana ƙoƙarin rufe burodi da leda kwano ya zo masa, ya ɗaga hannun dama ya kare kansa. Ni na ɗaure hannun da rigata, ni na sa shi a adaidaita sahu. A asibiti likitoci suka yanke hannun daga gwiwa.

Na uku, takardar. Washegari Manaja ya tara mu ya ce ƙaddara ce, iska ta Allah ce, muka ce haka ne. Bayan kwana huɗu, da 'yan'uwan Malam Idi suka fara sintiri a ƙofa, sai ga ƙaddarar ta sami suna, wai Lawan Inuwa. Alhaji, idan ƙaddara ce, me ya kawo sunana? Idan sakaci ne, na wanda ya kawo ƙusa tebur ne, ko na wanda ya ture ta? Ba ni da wata shaida a rubuce, domin a masana'antarku da baki ake ba da umarni, kora ce kaɗai ake bugawa a takarda. Akwai mutum biyu da suka ji lokacin da aka ba ni umarnin. Ba zan ambace su ba, su ma suna da iyali.

Na huɗu, abin da takardar ta ja mini. Rashin aikin ba shi ne ya fi ci mini rai ba, mai guduma da zarto ba ya rasa abin yi a Kano. Kowa da ke bin titin nan ya karanta takardarku, wanda bai iya karatu ba an karanta masa. Matata ta je gidan suna ta ji ana nuna ta, ana cewa mijinta ne ya yanke wa mai shayi hannu. Ta dawo ba ta ci abincin ba. Ni kuma na je dubiya asibiti. Malam Idi, wanda shekara goma sha ɗaya yake tsokanata yana kirana Injiniya, ya amsa sallamata ya juya fuskarsa bango. Ƙanensa ya rako ni bakin ƙofa ya ce, "Malam Lawan, kada ka sake wahalar da kanka." Wallahi na gwammace a ce marina ya yi.

Ga abin da nake roƙo. Ku sa a cire takardar nan, a liƙa wata a daidai wurin, mai faɗin wanda ya ce a ɗora tayoyi. Ku taka da ƙafarku ku je wurin Malam Idi, ku gaya masa da bakinku cewa na kawo ƙusa, domin daga gare ni ba zai saurara ba. Ku kuma ɗauki nauyinsa, tunda shayi da hannu biyu ake sheƙa shi. Ban roƙi ku mayar da ni aiki ba, ba na so.

Saura guda ɗaya, kuma ita ce mai gaggawa. Jiya na bi ta titin, na ɗaga kai. An mayar da kwano a kan katakon nan dai, an mayar da tayoyin, har an ƙara wasu. A gindin katangar, inda teburin Malam Idi yake, wata mata ta kafa kaskon ƙosai. Damina ko wata ɗaya ba ta yi ba. Wannan karon ba ni na hau ba, sai ku fara neman sunan da za ku liƙa.

Allah Ya tsare ku da iyalanku daga sharrin iska, Ya sa kada ku taɓa sanin yadda ake ɗaure hannun mutum da riga. Allah Ya ba ku ikon faɗin gaskiya tun kafin hadari na gaba ya haɗo.

Wassalam, daga tsohon ma'aikacinku,
Lawan Inuwa, Na'ibawa.