Jaje Ake Yi Mini, Ba Ta'aziyya Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Tabita,

Gaisuwa da ban girma cikin sunan Yesu Almasihu. Na san kina hutawa wurin Ubangiji, inda babu ƙarar babura, shi ya sa nake jin nauyin kawo miki wannan labari.

Tun lokacin yankan dawa 'yan bindiga suka ɗauke mijina Iliya a gonarmu ta hanyar Sheme. Mun ji muryarsa a waya da farko, daga nan shiru. Ga shi har an yi shuka, an yi noman fari.

Da, jaje ake zuwa yi mini. "Allah ya bayyana shi," in ce amin. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun zo, Hajiya mai ƙosai har da hawaye. Sannu a hankali gaisuwar ta canza. Shekaranjiya wata daga cikin matan zumunta ta kama hannuna a bakin rijiya ta ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Kin san wadda ake yi wa wannan gaisuwa, Inna. Na tsaya da guga a hannu kamar an mare ni. Wa ya ga gawa? Wa ya haƙa kabari?

Yanzu surukata ta roƙi Fasto a yi masa sujadar tunawa ran Lahadi. Ban ga laifinta ba, tsohuwa ce, tana neman inda za ta sauke kukanta. Amma ni ba wanda ya tambaye ni.

Kin sha ƙwace littattafan soyayya a ƙarƙashin matashina, kina cewa za su lalata mini kai. To, sun lalata. A cikinsu wanda ya ɓace yakan dawo a babin ƙarshe, da rama da gemu, matarsa ta saki kwano a ƙasa. Har yau in an taɓa ƙyauren gida sai na gyara ɗankwali. Akuya ce kullum.

Na tuna shekarar da fari ya ƙone mana gero, kina tashinmu addu'a da asuba, ko koko babu a gidan. Na ce miki mene ne amfaninta. Kika ce, "Ba don ya ba ni nake kallon Ubangiji ba, in na kau da ido faɗuwa zan yi." Haushi kika ba ni a ranar. Yanzu ma haushin nake ji, har na Ubangiji kansa, kuma na faɗa masa, ban ɓoye ba. Sai dai ban san wani wurin da zan kalla ba, Innata.

Zan je coci ran Lahadi. Zan zauna kusa da surukata, in riƙe mata hannu. In an ce Allah ya ba shi hutawa, bakina ba zai ce amin ba. Ba kuma zan fita ba.

Yesu ya san dajin da Iliya yake. In yana numfashi, ya ba shi ruwan sha da inuwa. In kuma yana can wurinku, ya ba ni ƙarfin yarda, don yau ba ni da shi.

Ɗiyarki,
Rahila, matar Iliya har yanzu