Binciken da Aka Bari a Durowa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙirjin ya yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Mu nan lafiya lau, yara sun koma makaranta, Gwaggo ce kawai ƙafa ke damunta.

Yaya, sai ranar Talata na gane abin da ya faru, ina zaune a ofishin likitar zuciya, na je karɓo takardun Baban yara. Ka tuna da za a sa masa ɗan ƙarfen nan mai buɗe jijiyar zuciya, an ce za a zura 'yar kyamara cikin jijiyar don a ga inda za a ajiye shi. Aka ba mu takarda cewa an tattara binciken asibitoci da yawa, sun nuna wannan hanyar ta fi yin aikin babu kyamara. Har ya sa hannu a saka shi a binciken asibitinmu, yana dariya wai shi ma zai shiga littafi. Bayan wata huɗu ya rasu.

Na tambayi likitar ko an rubuta abin da ya same shi. Sai ta jawo durowa ta nuna min wani fayil mai kauri. Ta ce nasu binciken bai nuna wani bambanci ba, mujallu biyu sun dawo da shi, shugabansu ya ce a bar maganar. Masu tattarawa kuma abin da aka buga kawai suke gani. Nan take na tuna shagona: ɗinkin da ya yi kyau nake ratayewa a ƙofa, wanda na ɓata yana ƙarƙashin tebur. Ashe ba a ƙirga da Baban yara ba, kuma Allah kaɗai ya san mutum nawa ke cikin durowar wasu asibitocin.

Ta ce kada in ɗauka kyamarar ce ta kashe shi, wataƙila hanyar tana da amfani, girman amfanin ne ba ta da tabbas a kai. Na yarda da ita. Amma ni ce na turo maka hoton takardar nan, ni ce na matsa maka ka yarda a yi maka aikin kai ma, ga shi saura kwana goma sha biyu. Tun Talata ko zare na kasa sawa a allura. Ban ce ka fasa ba, ni ba likita ba ce. Don Allah ka tambayi likitanka ko ya san binciken da ba a buga ba, kuma me zai faru in aka ɗan jira. Ka tafi da matarka Anti, na san ka, kunya ba ta barin ka tambaya sau biyu.

Ka gaishe min da ita, da yara, Dogo da Ƙaramar Gwaggo.

Har yau Innarmu ta ɗauka gwaji kawai za a yi maka. Ban gaya mata cewa irin aikin Baban yara ne ba.

Ƙanwarka,
Auta